Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara: Yaran da Suka Tsira daga Gubar Dalma Sun Girma

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma Kwamishina, bayan gaisuwa mai yawa gare ku da likitoci da sauran ma'aikatan da ke ƙarƙashinku, ina roƙon Allah ya dafa muku, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a wannan jiha tamu. Ni malamin makarantar sakandare ne a ƙasar Anka, ilimin halittu nake koyarwa. Ba da yawun wata ƙungiya ko jam'iyya nake magana ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan ƙanwata, wanda zan sakaya sunansa, da ɗimbin yara irinsa waɗanda ciwo ya taɓa musu ƙwaƙwalwa bai kashe su ba, aka rubuta su cikin waɗanda suka warke, aka sallame su, daga nan ba wanda ya sake tambayar yadda suka kwana.

Shekararsa biyu a 2010. A lokacin ƙanwata tana aure a wani ƙauye na yankin da ake haƙar zinare, mijinta kuma, kamar yawancin magidantan garin, ya jingine fartanya ya shiga rami. A cikin gida ake sarrafa dutsen. A fasa shi, a daka a turmin da ake daka hatsi, a kai injin niƙa, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta hau tabarma, ta hau murfin randa, ta sauka a ƙwaryar fura. Yaro mai rarrafe kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa, baki yake kaiwa. Ba wanda ya san dutsen nan cike yake da dalma. Da yara suka fara amai suna sanƙarewa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iska ce ta shigo gari. A watan Maris na shekarar ne labarin ya kai ga ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, suka zo suka tarar da sabbin ƙananan kaburbura reras, ga maganin zazzaɓi ba ya yi wa yaran komai. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce.

Kun fi ni sanin abin da ya biyo baya, amma zan ambata saboda matasan da za su karanta wannan wasiƙa, waɗanda a lokacin ba su yi wayo ba. Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Bagega: ƙauyukan Anka da Bukkuyum ke nan da sunansu ya zaga duniya. Yara fiye da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da masu bincike suka bi gida-gida, sun tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu, kuma mafi yawansu sai da suka yi jijjiga kafin rai ya yi halinsa. Likitoci kan fara ba yaro maganin fitar da dalma idan ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita ta jini. Ƙaramar na'urar gwajin da aka zo da ita iyakarta 65, jinin yara da yawa kuwa ya wuce abin da take iya karantawa. Ɗan ƙanwata yana cikinsu.

Ban manta daren da aka aiko a kira ni ba. Na tarar da ita zaune a ƙasa da yaron a cinya, idanunsa sun kakkafe sama, haƙoransa a datse, hannu da ƙafa suna fizga. Ta ɗago ta ce, “Yaya, ka gani, ina kiran shi ba ya jina.” Allah ya sa kwanansa na gaba. Ya sha makonni yana karɓar magani, ya farfaɗo, muka yi ta godiya ga Allah da waɗanda suka taimaka. Amma yaron da kafin ciwon yake cewa “Inna” da “ruwa”, yake bin awaki da gudu, ya dawo gida ba baki, ba tafiya. Sai da ya kusa shekara huɗu ya sake taka ƙasa. Wata rana uwarsa ta dube shi yana zaune shiru a gindin bango, ta ce mini, “An maido mini ɗana, Yaya, amma ba wanda na sani ba ne.”

Kowace shekara nakan zana ƙwaƙwalwa a allo ga ɗalibaina. Nakan gaya musu nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ita ke cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana miƙa wa 'yan'uwanta saƙo ta hanyar ɗan siririn lantarki da sinadarai. Daga ƙeya laka ta sauka ta cikin ƙashin baya, jijiyoyi tagwaye 31 suka fita daga gare ta suka ratsa jiki har yatsun ƙafa, wasu tagwaye 12 kuma suka fito kai tsaye daga ƙwaƙwalwa zuwa ido da kunne da hanci da harshe da fuska. Gani a bayan kai ake sarrafa shi. Hankali da tsara al'amura da danne fushi suna wajen goshi. Magana, a wurin yawancin mutane, tana ɓangaren hagu. Kowane ɓangare kuma kishiyarsa yake juyawa, shi ya sa wanda jini ya tsinke masa a hagun ƙwaƙwalwa hannunsa na dama ke shanyewa, sau da yawa har da bakinsa. Ina wannan bayani ina tuna yaron can a gindin bango, domin duk abin da na zana, na san inda gubar ta bi ta ɓata masa.

Abin da ya sa dalma ta fi cutar da ƙananan yara a fili yake. Jiki yana ɗaukar ta tamkar kalsiyam, sinadarin da yake bukata don gina ƙashi da aika saƙo tsakanin jijiyoyi, sai ya buɗe mata ƙofa. Hanjin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa, idan kuma yaron yana fama da yunwa ko ƙarancin jini, abin ya ƙara yawa. Akwai wani shinge da Allah ya sanya tsakanin jini da ƙwaƙwalwa don tace abin da zai shiga, to a ƙuruciya shingen bai gama ƙwari ba. Kuma a waɗannan shekarun ne ake ginin: kafin yaro ya kai shekara shida, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta. Idan gubar ta yi yawa ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa, daga nan sai jijjiga, sai suma, sai mutuwa ko tabo. Maganin da aka ba yaranmu yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, ya ceci rayuka masu yawa, amma ba ya gyara jijiyar da ta riga ta lalace. Wannan ita ce gaɓar da nake so a tsaya a kanta.

An yi aiki, ba zan ɓoye ba. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje an zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi kowane gari girma a cikinsu, ta jira har 2013 kafin a saki kuɗin share ta, bayan matasa sun yi ta kiraye-kiraye a kafofin sada zumunta. MSF ta shafe fiye da shekara goma tana gwaji da magani, sannan a 2022 ta miƙa aikin ga hukumomin jiha. Tun daga ranar, amanar tana hannunku. Yaran 2010 kuwa yanzu samari ne da 'yan mata. Ɗan ƙanwata gemu ya fara tsiro masa. Yana magana, amma a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. Ya yi shekara uku a aji ɗaya na firamare, haruffa suka ƙi zama, aka haƙura. Yana da kirki da son aiki, shi ke ɗebo wa uwarsa ruwa. Abin da ya fi komai tayar mana da hankali shi ne farfaɗiyar da ta zauna masa tun yana ɗan shekara biyar.

Farfaɗiya ba wani abu ba ne illa wannan lantarkin da na ce ƙwayoyin jijiya na aika saƙo da shi. A ƙa'ida kowace tana jiran lokacinta. Idan akwai tabo a wani wuri, sai wani gungu ya tashi lokaci guda ba tsari, kamar garken shanun da ya firgita, abin ya bazu ya mamaye sauran. Mutum ya faɗi, ya sanƙare, ya yi ta fizga na minti ɗaya ko biyu, sannan ya lafa ya bar shi a gajiye bai san abin da ya faru ba. Ba ta yaɗuwa. Yawun mai farfaɗiya ba ya ɗauke da ita, numfashinsa ba ya ɗauke da ita, cin abinci kwano ɗaya da shi ba ya jawo ta. Na faɗi haka a aji ya fi a ƙirga, amma abin da yaro ya ji daga kakarsa ya fi abin da ya ji daga malami zama a zuciya.

Ga abin da wannan rashin sani ya jawo mana. Wata safiya da sanyi, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, yana jin ɗumi tare da wasu a bakin wuta a ƙofar gida, sai ciwon ya tashi, ya kife a kan garwashin. Akwai manya a wurin. Kowa ya ja da baya, saboda tsoron kada yawunsa ya taɓa shi. Kafin uwarsa ta ji ihu ta fito ta janye shi, hannunsa na dama ya ƙone, yatsu biyu sun manne har yau. Bayan an ɗauke shi, wani ya kawo toka ya zuba inda ya kwanta, aka hana yara takawa. Mutanen nan ba mugaye ba ne, maƙwabtanmu ne da suka yi mana jaje da hawaye. Abin da suka gada ke nan, ba wanda ya taɓa zuwa ya gaya musu wani abu daban. Da ɗaya daga cikinsu ya san cewa abin da ake bukata shi ne a janye shi daga wuta, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi a kan haƙarƙarinsa idan fizgar ta lafa, da yau yana riƙe fartanya da hannu biyu. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko jiƙo, ba a danne mutum, ba a turara masa hayaƙi. Idan jijjigar ta wuce minti biyar ko ta yi ta maimaituwa bai farfaɗo ba, sai asibiti da gaggawa. Wannan bayanin ba ya cin minti uku a rediyo.

Akwai kuma wadda ba ta kayar da mutum. Na taɓa samun wata ɗaliba da ake yi wa kallon marar natsuwa. Ana cikin darasi sai ta ƙura wa wuri ɗaya ido, alƙalami a hannu, na ɗan daƙiƙu, ka kira ta ba ta amsa ba, sannan ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Ta sha bulala a kan haka tun daga firamare. Da na lura abin yana faruwa sau da yawa a rana, na roƙi mahaifinta ya kai ta wajen likita, aka tabbatar wani nau'in farfaɗiya ne, aka ɗora ta a kan magani, karatunta ya miƙe. Nakan yi tunanin irinta nawa muka kora daga makaranta da sunan daƙiƙanci.

Mai girma Kwamishina, dalma hanya ɗaya ce kawai cikin hanyoyin da ke kai yaranmu wannan hali. Sanƙarau na nan. Kumburin tantanin nan uku ne da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kuma muna zaune a tsakiyar yankin da yake ɓarkewa duk lokacin zafi da ƙura. Annobar da ta fara daga jiharmu a ƙarshen 2016 ta shiga 2017 ta kama mutum fiye da 14,000 a faɗin ƙasa, ta kashe fiye da 1,100, kuma Zamfara ce ta fi jin jiki. Rigakafin da aka yi mana a baya na nau'in A ne, wanda ya zo kuwa nau'in C ne. Alhamdu lillahi, a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya, ɗaya yakan fita da lahani mai ɗorewa: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓa, ko wahalar koyo. A lissafa wannan da yawan waɗanda suka kwanta a 2017. Ina suke? Yaron da sanƙarau ya kama ya kamata a gwada jinsa cikin makonnin farko bayan sallama, domin wanda ya kurumce yana ƙarami, idan ba a gane da wuri ba, maganarsa ma tafiya take yi. Ga zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai duk damina. Ga jaririn da ya daɗe a hanya wajen doguwar naƙuda ya fito bai yi kuka ba. Ga raunin kai na haɗarin babur, da na harsashi da sara da wannan fitina ta 'yan bindiga ta jawo mana. Duk waɗannan tabo suke bari a wuri ɗaya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne farfaɗiya tana cikin cututtukan da ke jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita a duniya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Magungunan tsofaffi ne sanannu, irin su fenobabiton da kabamazafin da balfurowet, kuma na farkon yana cikin mafi arahar magunguna. Sharaɗinsu ɗaya ne: a sha kullum, ba fashi. Wanda ya saba sha ya yanke kwatsam, ciwon kan dawo da ƙarfin da ya fi na da, har ya kai ga jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa.

Mun ga haka da idonmu. Bayan ƙunar ne muka kai shi birni, likita ya ɗora shi a kan magani, ya yi wata goma sha huɗu bai faɗi ba ko sau ɗaya. Uwarsa ta fara barinsa ya je kasuwa shi kaɗai. Sai aka shiga wani lokaci da hanya ta ƙi biyuwa saboda hare-hare, direbobi suka ajiye motoci, maganin ya ƙare. Na zaga shagunan magani na kusa, wani ya ce bai taɓa ajiye shi ba, wani ya miƙo mini wasu ƙwayoyi a ƙulle a leda ba suna ba kwanan wata, na ƙi karɓa. A rana ta biyar ya faɗi sau bakwai tsakanin azahar da asuba. Mu da muke da ɗan albashi da wanda ya yi boko a gida ke nan. Ko a lokacin da hanya ke lafiya, kuɗin motar zuwa karɓo maganin ya fi kuɗin maganin kansa. Ku auna matar da aka raba da ƙauyenta, tana zaune a kangon makaranta da yara biyar, ɗaya yana faɗuwa.

Don haka roƙona na farko, kuma mafi girma, shi ne a sauko da maganin farfaɗiya zuwa asibitin mazaɓa. Na san likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya ƙalilan ne a ƙasar nan baki ɗaya, kuma ba na tsammanin a ajiye ɗaya a kowace ƙaramar hukuma. Masu ciwo mai wuyar sha'ani za su ci gaba da zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko a tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Amma yawancin masu farfaɗiya ba sa bukatar na'ura mai tsada kafin a fara taimakonsu. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri mai suna mhGAP, wanda aka tsara musamman don koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko yadda za su gane farfaɗiya daga labarin da iyali suka bayar, su fara magani, su san wanda ya kamata su tura gaba. A 2022 kuma ƙasashen duniya, har da tamu, suka amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan jijiya, wanda zai kai 2031. Muna da mazaɓu 147 a ƙananan hukumomi 14. Idan aka horar da mutum biyu a babban asibitin kowace mazaɓa, ba su kai 300 ba. A sa darasin a manhajar makarantar koyon aikin lafiya ta Tsafe da ta koyon jinya, domin masu fitowa su fito da shi. A sa magungunan cikin waɗanda ba a yarda su yanke ba, a shigar da masu ciwon cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha da asusun kula da lafiya a matakin farko. Wanda ciwonsa ya lafa kuma yake zaune inda hanya ke da haɗari, a riƙa ba shi na wata uku a lokaci guda.

Kada a ce ba zai yiwu ba, domin mun ga an yi wanda ya fi shi wuya. Shan-inna ma ciwon jijiya ne, ƙwayar cutar laka take kamawa ta kashe jijiyoyin da ke motsa ƙafa. Saboda ita aka bi kowane lungu, aka shiga kowace ruga, aka yi wa ƙofofi alama da alli, sarakuna da malamai suka tsaya, har a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'inta na daji. Matan nan masu ɗiga rigakafi sun san kowane gida. Idan aka ƙara musu tambaya ɗaya, “Akwai mai faɗuwa a gidan nan, ko yaron da ya daina ji ko magana bayan zazzaɓi?”, cikin zagaye ɗaya za ku sami rajistar da za ku yi aiki da ita. Sunayen yaran da aka yi wa maganin dalma kuwa an riga an rubuta su tun farko, neman su kawai za a yi a ga halin da suke ciki.

A cikinsu ina so ku fara da 'yan matan. Dalmar da ba ta fita ba tana kwanciya a ƙashi da haƙora shekara da shekaru. Idan mace ta sami ciki, jikinta yakan ɗebo kalsiyam daga ƙashinta don gina na ɗan tayi, dalmar ta biyo shi ta koma jini, ta ratsa mabiyiya ta isa ga jaririn. 'Yan matan da aka yi wa magani suna da shekara uku ko huɗu a 2010, yanzu ana ɗaura musu aure, wasu sun riga sun haihu. Gubar da ta sami uwa tana rarrafe za ta iya samun ɗanta tun bai zo duniya ba. Ya kamata duk mai cikin da ta taso a waɗannan garuruwa a gwada jininta a wajen awo, a ba ta ƙarin kalsiyam idan an ga dalma, a kuma bi jaririn. Haka nan mace mai farfaɗiya da ta isa aure tana bukatar shawarar likita kafin ta ɗauki ciki, domin balfurowet na iya cutar da ɗan tayi, akwai kuma waɗanda suka fi shi aminci.

Haƙar zinare ba ta tsaya ba. Gwamnatin Tarayya ta hana ta a jiharmu a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, kuma kowa ya san ko a tsakanin ba a bar ramuka ba. Talauci ne ke tura mutane, ba zan zage su ba. Amma duk lokacin da na ga matashi ya dawo gida da kayan aikinsa fari fat da ƙura ya ɗauki ɗansa, gabana faɗuwa yake. A 2015 irin wannan ta faru a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara suka mutu, bayan duk abin da aka gani a nan. Gwajin jinin yara a garuruwan haƙa bai kamata ya jira sai an fara haƙa kaburbura ba. A kuma ja hankalin iyaye mata kan kwallin da ake ranbaɗa wa jarirai, domin na dutse sau da yawa cike yake da dalma.

Sai maganar malamanmu, wadda nake yi da ladabi. Kusan duk mai farfaɗiya a ƙasar nan wajen mai ruƙiyya ko mai maganin gargajiya ake fara kai shi, mu ma can muka fara. Ba na jayayya da addu'a, kullum ina yi wa yaron nan. Amma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai kukanta, bai kore ta ba, bai ce a guje ta ba, ya yi mata albishir da Aljanna a kan haƙurinta, ya kuma roƙa mata kada tsiraicinta ya riƙa bayyana idan ta faɗi. Malaman da suka gabata, irin su Ibnul Ƙayyim, sun ambata cewa akwai farfaɗiyar da asalinta daga jiki ne, wadda aikin likitoci ce. Ma'aikatarku ta zauna da majalisar malamai da masarautu, a roƙi limamai su yi huɗuba ɗaya a shekara a kan wannan, a roƙi masu ruƙiyya su riƙa cewa iyaye su haɗa da asibiti, kuma kada su taɓa cewa a ajiye ƙwaya. Abin da liman ya faɗa ranar Juma'a yakan isa inda takardar asibiti ba ta isa.

Makaranta ba a hannunku take ba, amma takwararku ta ilimi za ta saurare ku fiye da yadda za ta saurare ni. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman an sa mata hannu tun Janairun 2019, duk da haka har yau ana ce wa uba ya riƙe ɗansa a gida don kada ya shafa wa sauran. Ni da wasu abokan aikina a shirye muke mu karɓi horo na yini ɗaya mu koya wa sauran malamai, ba sai an biya mu ba.

Ɗan ƙanwata yanzu yana koyon gyaran keke a wajen wani bawan Allah da ya yarda ya karɓe shi bayan mutum uku sun ƙi. Da hannun hagu yake riƙe sifana. Jiya da na biya ta wurin ya ce mini, “Kawu, saura ƙwaya tara.” Shi ke ƙirga su da kansa kowace safiya tun daga ranar nan da ya faɗi sau bakwai. Ranar Asabar, idan hanya ta yi kyau, zan shiga mota in je in karɓo masa na wata mai zuwa. Idan Ma'aikatarku ta tashi fara rajistar, ku aiko ƙasar Anka, ni zan riƙe wa ma'aikatanku jaka in kai su gidajen da na sani, sun kai goma sha ɗaya a unguwarmu da ƙauyuka biyu na kusa.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani malamin makaranta daga ƙasar Anka, Jihar Zamfara.